Yadda zaka gano akwatin fiyus na cikin mota, ka buɗe shi ba tare da ka karya komai ba

Idan cajar waya ta daina kawo wuta a mota, ko rediyo ya mutu ɗif, ko fitilar sama ta ƙi kamawa, ko gilashin ƙofa ya tsaya a rabi ya ƙi sama ya ƙi ƙasa, wurin da ya kamata hankalinka ya fara zuwa shi ne fiyus. To amma mutane da yawa da an ce fiyus sai su ɗaga bonet, su buɗe baƙin akwatin nan na kusa da batir, su leƙa su ga komai lafiya lau, su mayar su ce ai ba fiyus bane. Alhali wancan na bonet ɗin yawanci manyan kaya yake riƙe da su, irin su fankar lagireto, fitilun gaba, hon, ABS (na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi) da sauransu. Ƙananan kayan da kake taɓawa kana zaune a kujera nasu akwatin daban ne, yana nan cikin motar tare da kai, kuma kamfani ya ɓoye shi yadda zaka yi shekaru kana tuƙi baka taɓa sa shi a ido ba. Wasu motocin ma biyu ne a ciki, wasu har uku in ka haɗa da na but.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne wuraren da ake ɓoye shi basu da yawa, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya dole ka same shi, kuma aikin ba na ƙarfi bane sam. Duk inda ka ji kana kokawa da roba har tana ƙara, tsaya, akwai abin da baka gani ba.

Kafin ka fara

Ka yi fakin a wurin da ƙofar direba da ta fasinja zasu buɗe gaba ɗaya, don zaka durƙusa a ƙasa ne rabin jikinka a waje. Ja hambirki, kashe mota, zare makulli. In mai maɓallin tadawa ce da ake dannawa ka tabbata ta mutu gaba ɗaya, ba wai injin kawai ya tsaya dashbod na nan a kunne ba. Amma kafin ka kashe, kuma wannan ina so ka riƙe shi da kyau, sauke gilashin direba in yana aiki, makullin kuma ya kasance a aljihunka ba a kan kujera ba. Akwai motocin da in ka zare wani fiyus ka mayar sai ka ji ƙofofi sun yi ƙas sun kulle kansu, in makulli na ciki kai kana waje ƙofa ta rufe to wata sabuwar matsala ce ka janyo wa kanka.

Kayan aiki ba wani abu bane, tocila, ta goshi tafi daɗi saboda hannayenka biyu zasu zama a sake, ta waya ma tana yi. Ƙaramar sukundireba mai faɗin baki da ɗan ƙyalle da zaka naɗe bakinta. Filaya mai dogon baki in akwai. Sai ɗan matsen roba na zare fiyus, wanda yawanci kamfani ke maƙala shi a cikin akwatin bonet, ko a jikin murfinsa ta ciki, fari ko yalo, ɗan ƙarami haka, mutane na ganinsa kullum basu san amfaninsa ba. Tunda zaka ɗauko shi, duba gefensa, sau da yawa akwai fiyus na ajiya guda biyu ko uku a jere.

Littafin motar in yana nan ka gama rabin aiki, duba can baya wajen jerin kalmomi ka nemo shafin fiyus, zai nuna maka hoton wurin da yadda murfin ke buɗewa. In mota hannu na biyu ce littafin ya daɗe da ɓata, kamfanoni da yawa sun sa littattafansu kyauta a intanet, sai dai ka rubuta sunan motar da shekararta daidai, don mota ɗaya suna ɗaya tana iya canza wurin akwatin daga wannan ƙirar zuwa ta gaba. Shekarar kuwa kar ka dogara da abin da mai sayarwa ya faɗa, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar, a motoci da yawa wata da shekarar ƙira na rubuce a wurin.

Inda zaka fara leƙawa

Fara da ƙarƙashin sitiyari, ɓangaren ƙofa. Nan ne motocin Japan suka fi sa shi. Tura kujera baya har ƙarshe, ɗaga sitiyari sama in yana ɗaguwa, cire tabarmar ƙafa, sannan ka durƙusa a waje ka kwantar da kafaɗarka a kan dokin ƙofa, ka juya fuskarka sama. Ina cewa sama domin nan mutane ke kuskurewa, sai su sunkuyo suna haska wajen birki da totur suna kallon gaba, alhali a Corolla da Camry da yawa akwatin yana rataye ne a saman inda ƙafarka ta hagu ke hutawa, fuskarsa na kallon ƙasa, da wani siririn murfi mai tsawo da rubutu a jiki. In baka kwanta ka kalli sama ba zaka rantse babu komai a wurin. Kusa da shi zaka ga wani soket mai ramuka 16 wanda ake jona kwamfutar gwajin mota, wannan ba shi kake nema ba amma alama ce mai kyau, sau da yawa suna maƙwabtaka.

In babu a nan, tashi zaune ka kalli robar da ke daidai gwiwarka ta hagu. Akwai ɗan murfi mai kusurwa huɗu? Ko ɗan aljihun da ake zuba canji da katin fakin? Motocin Hyundai da Kia yawanci murfi ne a fili da ɗan wurin sa yatsa, wani lokaci har an rubuta FUSE a kai, ka ja kawai ya fito. Nissan ma da yawa haka. A wasu kuma wannan ɗan aljihun ne ƙofar, zaka buɗe shi, ka matse gefensa ko ka ɗaga shi sama kaɗan ya zare gaba ɗaya, sai ga fiyus a jere a bayansa. Golf ta bakwai mai tuƙin hagu haka take. Peugeot 206 mai tuƙin hagu kuwa murfin na ƙasan sitiyari, da irin maɓallin da ake murɗawa da kwabo ko bakin sukundireba kwata ɗaya kawai, ba sukur bane da zaka yi ta kwancewa, ka murɗa kaɗan ka ja murfin.

Wuri na gaba shi ne wanda in ƙofa na rufe ba zaka taɓa ganinsa ba, wato ƙarshen dashbod, gefen nan da ƙofa ke rufewa a kai. Buɗe ƙofar sosai ka kalli gefen dashbod ɗin, zaka ga wani faifan roba da ya yi daidai da siffar wurin, da ɗan tsagi ƙarami a gefe ɗaya. Jamusawa na son wannan wurin, Golf ta huɗu da ta biyar, Audi A4, da Marsandi C-Class ta farkon shekarun 2000 duk suna da akwati a nan. Naɗe bakin sukundireba da ƙyalle, sa a cikin tsagin, ba ko'ina ba, tsagin da aka tanada, ka ɗan banƙara a hankali har ka ji maƙalli ɗaya ya saki, sai ka sa yatsunka ka bi gefen kana ja kaɗan kaɗan. In ka finciko daga kusurwa ɗaya maƙallan ɗaya gefen ne zasu karye, murfin kuma daga ranar ya dinga kaɗawa yana maka ƙara a hanya. Duba gefen fasinja ma, wasu motocin kowane gefe da nasa.

Sai robar da ke gefen ƙafa, can ƙasa tsakanin ƙofa da feda, inda hannun buɗe bonet yake a motoci da yawa. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 a wannan yankin nata yake. Wadda ta biyo bayanta, ta 2008 zuwa 2012, biyu gare ta a ciki, ɗaya ɓangaren direba ɗaya ɓangaren fasinja, don haka in ka sami na farko baka ga sunan abin da kake nema ba kar ka ce babu, zagaya ɗaya gefen.

Durowar gaba

Wannan zan ɗan daɗe a kansa saboda nan aka fi yin ɓarna. Motoci da yawa na Turai akwatin na cikin durowar gaban fasinja, ko a bayanta, ko a ƙarƙashinta. BMW 3 Series ta ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar 2000 a rufin durowar yake ta ciki, akwai maɓallai biyu da zaka murɗa sai tiren fiyus ɗin ya sauko. Ford Focus ta biyu da ta uku a ƙarƙashin durowar yake, sai ka cire abin da ya rufe ƙasan tukunna.

Kuma ga wani abu da ke rikita mutane. Kamfanin da ya zana mota da tuƙin hagu, in zai yi ta tuƙin dama don ƙasashe irin su Ingila, ba kullum yake wahalar da kansa ya kwashe wayoyi zuwa ɗaya gefen ba, sai ya bar akwatin a hagu inda yake, wanda yanzu ya zama gefen fasinja. Shi ya sa Peugeot da Citroën masu tuƙin dama da yawa durowarsu 'yar ƙarama ce, akwatin fiyus ya cinye rabi. Don haka in ka ga bidiyo ana nuna mota irin taka ana cewa gefen direba, fara duba wane gefe sitiyarin mai bidiyon yake.

Yadda ake sauke durowa: kwashe komai na ciki tukun, komai, in ba haka ba zai zube maka a kafet har wani abu ya gangara ƙarƙashin kujera. Buɗe ta har inda take tsayawa. Haska gefen dama ta waje, a motoci da yawa zaka ga wani siririn hannu na roba ko igiya da ke riƙe ta don kar ta faɗo da ƙarfi, ƙarshensa na maƙale a kan ɗan ƙaho a jikin durowar. Zare shi da yatsa, gefe ake turawa ba ƙasa ba. In ka manta da shi ka sauke durowar da ƙarfi shi ne zai fara karyewa. Bayan nan sa tafin hannunka biyu a bangon durowar hagu da dama ka matso su ciki, robar tana lanƙwasa, zaka ga wasu 'yan ƙahoni biyu da ke tokare ta sun wuce bakin ramin, sai ta sauko ƙasa gaba ɗaya tana lilo. Wasu maimakon matsewa akwai 'yan turaku biyu a ciki da ake murɗawa a zare. Idan ka matse ta ƙi, kar ka ƙara ƙarfi, haska ciki ka ga irin naka. Lokacin sanyi roba tana yin tauri tana saurin tsagewa, in motar ta kwana a sanyi bari ta ɗan ɗumama.

Da ta sauko zaka ga abubuwa da yawa a baya. Wani dogon murfi a kwance yawanci na matatar iskar AC ne, ba shi ba. Kai dai nemi inda ƙananan robobi masu launi-launi suke a jere. Kuma duk wayar da ka gani an naɗe ta da yalo ko soket ɗinta yalo ne, ta jakar iskar kariya ce wato iyabag, kar ka ja ta, kar ka cire ta, kar ka sa mata abin gwaji. Haka a ƙarƙashin sitiyari, motocin zamani da yawa suna da iyabag na gwiwa a daidai wurin da kake cusa kai. In motar haibrid ce ko mai lantarki, manyan wayoyi masu ruwan lemo na babbar wuta ne mai kisa, babu ruwanka da su, fiyus ɗin da kake nema na ɓangaren bolt 12 ne.

In duk ka duba waɗannan babu, saura but da ƙarƙashin kujera. A but ka duba bangon hagu da dama, akwai 'yan ƙofofi a jikin kafet ɗin, musamman a motocin da batirinsu ke baya. Wasu motocin Amurka irin su Chevrolet Trailblazer ta farko a ƙarƙashin kujerar baya suka sa nasu, sai ka ɗaga mazaunin. Manyan motocin kaya da bas kuma wani lokaci a gindin kujerar direba.

Ka same shi, to wanne ne a ciki

Kafin ka taɓa komai ɗauki hoto da waya, mai haske, yadda launuka da lambobi zasu fito. Minti biyu nan gaba zaka zare ɗaya, wani ya kira ka, ka juyo ka ga ramuka uku babu komai ka rasa daga wanne ka ciro, don dama akwai ramukan da kamfani ya bari haka nan na kayan da motarka bata zo da su ba.

Juya murfin, taswirar na bayansa, ko an manna takarda ko an zana a jikin robar. BMW da Marsandi sukan sa 'yar takarda a naɗe a kusa da fiyus ɗin ko cikin kayan canza taya. Matsalar taswirar ita ce kana kwance kai a ƙasa, ita kuma an zana ta kamar kana tsaye, sai hagu ya koma dama. Dabarar ita ce ka nemi wata alama da ba za ta rikice ba, misali inda layi ɗaya ya fi gajarta, ko inda babban rile yake, wato dunƙulen robar nan mai kusurwa huɗu da ya fi fiyus girma, ko inda ja biyu suke kusa da yalo, ka juya murfin a hannunka har taswirar ta yi daidai da abin da idonka ke gani, sannan ka fara ƙirga. Lambar da ke taswira dole ta yi daidai da ta kan fiyus ɗin, in taswira ta ce 15 kai kuma ka ga 30 a wurin, ko ka juya ta ba daidai ba ko wani ya riga ka ya sa wanda bai dace ba.

Motocin Japan da Koriya gajerun kalmomi suke rubutawa. CIG ko P/OUTLET ramin caja ne. DOME ko ROOM fitilar sama, kuma sau da yawa agogo da ƙwaƙwalwar rediyo na kan layin. GAUGE ko METER agogunan dashbod. TAIL fitilun baya, STOP fitilar birki, WIP waifa, P/W ko POWER gilasan ƙofa, HTR fankar da ke huro iska ciki. ACC kayan da ke kamawa in ka murɗa makulli mataki ɗaya. Na Turai kuma lamba suke sawa, F1, F2 har zuwa sama, ko 'yan hotuna, sai ka koma takarda ko littafi ka ga kowace lamba ta mece ce. Duk wanda aka rubuta SRS ko AIRBAG (na iyabag), ECU (na kwamfutar mota), ko IGN (na layin kunna inji), bar shi in ba shi kake nema ba, musamman mota na kunne, don zare na iyabag a kunne na iya tayar da fitilar gargaɗi da a wasu motocin ba ta mutuwa sai an jona kwamfuta.

Masu Hyundai da Kia, a ƙirori da yawa akwai wani ɗan makunni a tsakiyar akwatin da ON da OFF a jiki. Na lokacin jigilar mota ne ko in zata daɗe a ajiye, don kar batir ya zuƙe. In yana OFF sai rediyo da agogo da rimot su dinga abin da suka ga dama, mutum ya yi ta neman fiyus da ya ƙone bayan babu. Duba shi tukun.

Zarewa da dubawa

Sa ɗan matsen a kan fiyus ɗin har ya kama, ja miƙe, in ya yi tauri ɗan kaɗa shi kaɗan kana ja. In da filaya ne riƙe a hankali don robar na fashewa, kuma mota a kashe, tunda ƙarfe ne kake kaiwa cikin wuta. Ka riƙe shi da kyau, in ya suɓuce ya faɗa bayan kafet ko cikin dashbod sai dai haƙuri. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, ka zare, ka duba, ka mayar, sannan na gaba.

Ɗaga shi saitin haske. Tsakanin ƙafafunsa biyu akwai wani siririn ƙarfe a lanƙwashe cikin robar. Mai lafiya zaka ganshi a haɗe tun daga wannan ƙafa har waccan. Wanda ya ƙone zaka ga tsakiyar ta rabu, wani lokaci da 'yan dunƙulallun ƙarfe a bakin inda ya narke, wani lokaci da baƙin tabo kamar hayaƙi a cikin robar. Baƙi sosai yawanci na nufin waya ce ta taɓa jikin mota wuta ta wuce da ƙarfi lokaci ɗaya. In kuma robar ce ta narke ta canza siffa a wajen ƙafa amma ƙarfen tsakiya bai rabu ba, to ramin ne ya saki baya kama ƙafar da kyau yana zafi, sabon fiyus ba zai gyara wannan ba.

Ido na yaudara fa, musamman a ƙananan, tsagin na iya zama siriri kamar gashi. In kana da mitar gwajin wuta, sa ta a wurin da take ƙara in an haɗa bakunanta, ka taɓa ƙafafun fiyus ɗin biyu bayan ka zare shi, ƙara na nufin lafiya, shiru ya mutu. Wanda ya fi sauri kuma shi ne testa mai ɗan kwan fitila. Kalli bayan kowane fiyus yana zaune a raminsa, zaka ga 'yan ɗigo biyu na ƙarfe a gefen lambar, don gwaji aka bar su. Maƙala wayar testar a wani noti na jikin mota da babu fenti, murɗa makulli zuwa ON ba tare da ka tada inji ba, ka taɓa ɗigon farko sannan na biyu. Duka biyu sun kawo haske, lafiya. Ɗaya ya kawo ɗaya bai kawo ba, ka kama ɓarawon. Duka babu, to layin ne babu wuta a lokacin, wataƙila sai an kunna fitila ko wani abu, ba lallai fiyus ɗin ne ba. Da wannan zaka bi akwatin gaba ɗaya ba tare da ka zare ko ɗaya ba, kuma shi ne mafita in murfin ya ɓata babu taswira.

Wanda zaka mayar

Lamba ɗaya, girma ɗaya. Launin ma yana gaya maka, a irin masu ƙafa biyu da aka fi amfani da su ja 10 ne, shuɗi 15, yalo 20, fari mai kamar gilashi 25, kore 30, ruwan ƙasa mai duhu 7.5, mai haske 5. Amma karanta lambar dai, launi na koɗewa, kuma cikin duhu ruwan ƙasa da ja basu da wani nisa. Girma kuma kala-kala ne, akwai babba na da, akwai ƙarami, akwai ƙarami mai gajerun ƙafafu da Toyota da Honda ke yawan amfani da shi, akwai wasu sirara da suka fi waɗannan ƙanƙanta a sababbin motoci. Tafi da wanda ya ƙone a hannunka in zaka saya, ka ɗora su gefe da gefe. Tsofaffin motoci sosai zaka iya tarar da na kwalba ko na tangaran mai tsini biyu, ƙa'idar dai ɗaya ce.

Maganar a sa mafi girma don ya daina ƙonewa, ko a naɗa waya ko takardar sigari mai ƙyalli, don Allah a bari. Fiyus wayar da ke bayan dashbod yake karewa, an zaɓi lambarsa ne daidai da kaurin wayar, ya mutu kafin ita ta yi zafi. In ka sa 30 a wurin 10, wayar ce zata zama mai narkewa, a cikin damin wayoyin da ke manne da juna inda hannunka baya kaiwa. Kamar ka sallami maigadi ne don yana tashinka da ihu cikin dare. In kana hanya babu na ajiya, ari mai lamba ɗaya daga abin da zaka iya haƙura da shi, misali na rediyo ko na ramin caja, ka sa wa waifa ko fitilar birki har ka isa. Ƙarami ma zaka iya sawa na ɗan lokaci, iyakaci ya sake ƙonewa.

Danna sabon har ya zauna daidai da 'yan uwansa, sannan ka kunna ka gwada tun kafin ka mayar da murfi da durowa. In ya yi aiki ya zauna, shikenan. In ya ƙone nan take, kar ka yi ta ciyar da shi sababbi, akwai dalili. Na ramin caja ne? Haska cikin ramin, kwabo ko ɗan guntun ƙarfen da ya ɓalle daga bakin caja yana faɗawa ciki ya haɗa tsakiya da gefe, ka ciro shi da tsinke ko roba mota a kashe. Ka kuma yi lissafin abin da kake jonawa, bolt 12 sau amfiya 10 wat 120 kenan, sau 15 kuma 180, famfon iskar taya ko inbata mai ƙarfi, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, na iya wuce haka. Na gilashi ko makullin ƙofa ne? Zargi robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, wayoyin ciki na karyewa saboda buɗewa da rufewa. In an taɓa sa rediyo ko ƙararrawa ko fitilun ado da ba na kamfani ba, nan ma wurin zargi ne. Daga nan kuma aikin mai wayarin ne, kai dai ka gaya masa lambar fiyus ɗin da lokacin da yake ƙonewa, da an murɗa makulli ne ko sai an danna abu, zai rage masa lalube.

Tunda kana wurin, shafa kafet ɗin da ke ƙarƙashin akwatin ka ji ko da danshi, ka haska ƙafafun fiyus ɗin ko akwai kore-kore ko farin gari a jiki. Ruwa na shigowa ta gefen gilashin gaba, ko bututun rufin gilashi da ya toshe, ko magudanar AC. A motocin zamani da yawa akwatin fiyus na ciki haɗe yake da kwamfutar da ke kula da fitilu da makullai da waifa, Peugeot na kiran tata BSI, in ruwa ya shige ta zaka ga abubuwa da yawa sun haukace tare, kuma wannan ba canjin fiyus zai magance ba, sai an toshe inda ruwan ke shigowa.

Wajen mayarwa, murfi yana da gefen da ke da 'yan harsuna, su ake fara zurawa sannan a danna ɗaya gefen har ya yi ƙas. Durowa kuma ka fara tabbatar gindinta ya zauna a kan maratayarsa, ɗaga ta, matse bangon biyu ƙahonin su koma ciki, sannan ka mayar da siririn hannun nan na gefen dama, in ka manta shi durowar zata dinga faɗowa kan gwiwar fasinja duk lokacin da aka buɗe. Mayar da tabarmar ƙafa kan maƙallanta yadda ba zata zame ƙarƙashin birki ba. In agogo ya koma baya ko gilashi ya daina hawa da dannawa ɗaya, saita agogon, gilashin kuma a motoci da yawa zaka sauke shi ƙasa gaba ɗaya, ka ɗaga shi sama ka ci gaba da riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙu, sai ya dawo daidai.